Jirgin da Ya Ci Tauri

A shekarar da aka rufe ƙaramin layin dogon nan na Zariya, babu sunan da ke amo a tashar motocin Jos kamar na Jika, sarkin 'yan dako. Ba ƙarfin damtse ne ya ba shi sarautar ba, don a cikin mutanensa akwai ƙartin da suka ninka shi. Tauri ne. Tun yana saurayi a ramin kuza ya ci maganin ƙarfe wurin wani tsohon maharbi, kuma mutanen unguwar Ali Kazaure da dama sun rantse sun ga ana goga masa wuƙa a ciki tana lanƙwashewa kamar ganyen rama. In ganga ta kira shi, sai ya tuɓe riga, daga shi sai warki, ya daki ƙirji ya ce, "Sai ni Jika na Ladi, faƙo gagara fartanya! Ƙarfe ya gan ni ya koma ruwa!" Da wannan suna yake raba faɗa a tasha, da shi yake tsawata wa direban da ya so cutar ɗan dako. In ka cire sunan, abin da ya rage dattijo ne mai furfura da ciwon gwiwa.

To, baki shi ke yanka wuya. Akwai wani direba, Kasali, Bayaraben Ogbomosho wanda ya girma a Jos, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Shi ma ana cewa kakansa ya dafa shi da maganin tauri tun yana goye. Wata rana ana sauke masa doya, magana ta haɗa shi da Jika a gaban jama'a.

"Baba Gambari," in ji Kasali yana dariya, da sunan da Yarbawa ke kiran Bahaushe, "taurin nan naku na wuƙar yankan albasa ne. Ka zo garinmu ka ga inda ake magani."

Jika ya ce, "Garin naku da manja ya toshe wa kowa kunne? Ɗauko kakan naka da tukunyarsa ku zo tare, ni kaɗai na ishe ku."

Da an bar ta a nan, da wasa ce. Amma akwai 'yan zuga, waɗanda ba su taɓa rasa abin faɗa in jikin wani ne zai sha wuya. Kafin a gama sauke doyar an yanke magana: ranar Lahadi, a filin da ke ƙetaren rafin Dilimi inda idon 'yan doka ba ya kaiwa, kowa ya zo da addarsa. Wannan ya sara, wancan ya rama, har sai wani ya yi jini ko ya durƙusa. Kasali ya ce shi da rigarsa zai tsaya, don maganin Yarbawa a riga ake ɗinka shi. Jika ya ce ya sa har da bargo in ya ga dama.

Washegari da safe Jika ya tafi aski wurin Lukuman wanzami, ƙarƙashin itacen mangwaro a bakin layi. Tun suna samari Lukuman ke yi masa aski, kuma suna da al'adarsu: Jika zai karɓi askar ya tofa mata yawu, wai ya ba ta izinin cin gashi kawai, ban da fata. Ya tofa, ya miƙa, ya sunkuyar da kai. Ana cikin aski wata mota ta danna ƙaho a bayansu, hannun wanzami ya goce. Jika ya ji wani ɗan zafi a bayan kunne, kamar cizon cinnaka.

Lukuman ya yi maza ya danne wurin da babban yatsa. Ya daɗe bai ɗaga ba. Da ya ɗaga, sai ya goge yatsan a cikin zabirarsa, amma Jika ya riga ya ga ja.

"Mene ne?"

"Ƙurji ne na fasa, Sarki."

"Ni ba ni da ƙurji."

"To, yanzu kam babu," in ji Lukuman, ya ci gaba da aski, idonsa a kan gashi.

Jika bai koma tasha ba. Ya wuce gida, ya shiga ɗaki, ya zaro allura daga kwallar matarsa Ladi, ya soka a tafin hannu. Jini ya fito ya tsaya kamar ƙwayar gero. Ya soka a ɗaya hannun. Haka.

Daga nan ƙasa ta ƙi zaunar da shi. Ya fita zaure, ya dawo tsakar gida, ya leƙa rijiya, ya koma zaure. Ya bi sharuɗɗan maharbin nan ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa: bai ƙetare taɓarya ba, bai ci tuwon da aka yanka da wuƙa ba, bai kwana da takalmi a ƙarƙashin kai ba. To ta ina ya zube? Ko magani ma tsufa yake yi kamar mai shi? Maharbin da zai tambaya ya daɗe da zama ƙasa. Ko kuwa tun asali dakusassun wuƙaƙe ne da taurin fatar ƙuruciya da iya riƙo? Wannan tunanin ya fi sauran ɗaci, ya kore shi kamar ƙuda, ya dawo. Allah ne masani. Abin da Jika ya sani shi ne Kasali yana wasa addarsa.

Ladi tana tankaɗe tana kallonsa ta gefen ido. Mace ce da ba ta ɓarnar magana. Da ya zo wucewa karo na ba adadi, sai ta ce, "Baban Hasiya, ka ƙare mini ƙasar tsakar gida. Wa ya mutu?"

Ya buɗe mata tafin hannu. Ta duba, ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe mutum nake aure."

"Ladi, ranar Lahadi fa."

"Ka je ka ce ka tsufa. Ka kai wa Bayaraben goro. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka mai da shi wasa."

"In ce na tsufa a gaban su wa? Gobe ɗan dako ya aike ni sayen taba?"

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Ke ba ki san tasha ba."

"Na san likkafani," in ji Ladi.

Ya figi hularsa ya fita. Ya nufi kasuwa bai shiga ba, ya bi ta bayan masallaci, ya ga wasu 'yan dako daga nesa ya sake hanya. Ya je ƙofar wani mai magani, ya tsaya, ya tuna mai maganin surukin makaɗinsa ne, ya wuce. Tsoro na daji, kunya na gida, shi kuwa ga shi duka biyun sun haɗu a kansa a tsakiyar gari. Yana wajen unguwar Kwararafa hadari ya taso daga kan duwatsu, irin na Jos da ba ya sallama, ruwa ya tsuge har da ƙanƙara. Ya faɗa rumfar da ta fi kusa.

Rumfar Hyginus ce, wani Inyamuri makaniki mai gyaran injin famfo na masu haƙar kuza. Kafin ya hawo Jos ya yi shekaru yana zuba wa inji mai a jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Lakwaja da bakin teku, kuma har yau in ka ba shi kunne, jirgi zai shigar da kai.

"Oga Jika! Shigo, shigo, ruwa bai san sarki ba. Zauna a kan wannan garwa, shi ne kujera na manya."

Jika bai zauna ba. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin tarkacen ƙarafa, ƙanƙara na dukan kwano kamar ana jifa. A jikin bango ya ga wani tsohon hoto da hayaƙi ya dafe. Ruwa ne shimfiɗe, hayaƙi ya turnuƙe, ga wani abu baƙi a tsakiya kamar jinkar ɗaki ta faɗa kogi, da bututu a kanta.

"Wannan gidan wa ambaliya ta ɗauka?"

Hyginus ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gida! Oga, jirgin yaƙi ne. Wani tsohon injiniya Bature ya ba ni shi a Lakwaja, da labarinsa duka. Ko jiya na ba wani mutum wannan labari a nan, ya tsaya inda ka tsaya." Ya goge hannu da tsumma, ya gyara tsayuwa. "A Amurka ne, kusan shekara ɗari ke nan. 'Yan ƙasa ɗaya suna yaƙi, kudu da arewa. Lokacin nan jirgin yaƙi katako ne, babba kamar masallacin Juma'a, igwa a jere a cikinsa. Faransa da Ingila sun fara sa wa nasu ƙarfe, amma jirgin ƙarfe bai taɓa gamuwa da ɗan'uwansa a faɗa ba. To, mutanen kudu ba su da jirgi mai kyau. Sai suka tsamo wani tsoho wanda ya ƙone ya nutse. Ƙarfe ma bai ishe su ba, har da na dogo suka tattara, irin wanda za a ciro a hanyar Zariya, suka murje shi ya zama faranti, suka yi wa jirgin jinka da shi."

Jika ya daina tafiya.

"Ranar da ya fito, jiragen arewa na katako suna jere suna jiransa. Suka buɗe masa wuta duka. Oga, ka ji wannan ƙanƙara a kan kwano? Haka harsashin igwa yake yi a jikinsa, ƙwal, ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Shi kuwa yana zuwa a hankali kamar kunkuru. Ya soki ɗaya da hanci, ya nutse. Ya sa wa ɗaya wuta. Sauran suka rasa inda za su sa kansu. Ranar nan katako ya gama aiki a yaƙin ruwa."

"Ka ce jirgin ya ci tauri," in ji Jika a hankali.

"Ba ci ya yi ba, oga. Sawa ya yi. A ciki fa tsohon katako ne, ƙonanne ma. Wa ya gani?"

Wa ya gani. Maganar ta shiga Jika kamar ruwan sanyi a maƙoshin mai azumi. Ya matsa kusa da hoton. A gefe akwai wani ƙaramin abu, shafal da ruwa, kamar an kifa tukunya a kan faifai.

"Wannan fa?"

"Yawwa! Wannan shi ne na washegari. Da gari ya waye…"

"Bar shi. Na ji abin da nake so." Jika ya shiga tona tarkace da ƙafa, ya jawo wani ɓallin tsohon tanki. "Hyginus, murhun gidana ya lalace. Ina son faranti biyu daga wannan, ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗan lanƙwasa su, ka huda gefe-gefe."

Hyginus ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙirjin Jika daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya sosa ƙeya.

"Wannan murhu, faɗinsa kamar naka ne?"

"Kamar nawa."

"Abin mamaki. Wannan sati murhu yana lalacewa da yawa a Jos." Ya ɗauko alli. "Amma oga, ka tsaya ka ji ƙarshen labari. Ba a biya."

"Ruwa ya ɗauke," in ji Jika, ya fice, alhali ana yayyafi.

Mai jin rabin magana ya fi kurma haɗari, don kurma ya san bai ji ba.

Da farantan suka iso gida a cikin buhu, Ladi ta ɗaga ɗaya ta ajiye, ta ce wannan ai marfin kabari ne. Amma ta ga idon mijinta, ta ga ya kwana biyu abinci ba ya wuce masa wuya, sai ta ɗauko tsohon bargo da auduga ta naɗe su don kada su yi ƙara, ta lulluɓe da fatar akuya. Ta fito da rigar layun da ya gada wurin maharbin, wadda bai taɓa sawa a fili ba. Ranar Lahadi da hantsi ta ɗora masa ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, ta zarga igiyar fata ta hudojin, ta ɗaure a bayansa tamau, ƙulli kan ƙulli, don kada sara ya gusar da su.

"Ka ja numfashi."

Ya ja, da ƙyar.

"Ba mai kwance maka wannan sai ni. Ka gama haukarka ka dawo kai tsaye."

Mutanensa suna jira a ƙofar gida da ganga. Da suka gan shi cikin riga, suka dubi juna. Jika ya ce, "In baƙo ya sa riga, mai gida ya sa. Kada ya koma garinsu ya ce na tsorata shi da ƙirji." Aka yi shewa, aka ce Sarki ya iya karamci. Suka gangara Dilimi. Ruwan bai kai gwiwa ba, ja wur da laka saboda wankin kuza, suka tsallaka ta kan duwatsu. Kowane taki Jika yana jin nauyin a gwiwarsa, amma ya daure, masu kallo suka ce tafiyar ƙasaita ce.

Fili ya cika. Direbobi da 'yan kamasho a gefe guda da kalangunsu na Yarbawa, 'yan dako da leburorin kuza a ɗaya gefen. Ga Kasali a tsaye cikin wata jar riga da aka ɗinke da wuri da ƙananan ƙorai, ya yi ƙiba kamar ba shi ba, gumi na zuba masa duk da sanyin da ake yi. Can kan duwatsun gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ba wanda ya kula.

"Baba Gambari, ka yi sallama da iyali?"

"Na ce a ajiye mini tuwo da zafi. Kai ne baƙo, fara."

Jika ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama. Ya so ya yi kirari, numfashi bai isa ba. Ya ga addar ta tashi tana walƙiya, ya rufe ido, ya ambaci Allah, abin da bai taɓa yi ba a filin tauri.

Dum!

Ya ji kamar jaki ya harbe shi a ƙirji, amma yana tsaye. Ya buɗe ido. Kasali na duban addarsa, bakinta ya yi giɓi, yana yarfa hannu. Fili ya ɗauki ihu. "Ƙarfe ya koma ruwa! Faƙo gagara fartanya!" Jika ya ji jininsa ya dawo jikinsa, har wani tausayin Kasali ya kama shi. Ya ce a ransa zai sassauta hannu, ya ɗan tsaga shi kawai a kafaɗar riga, a ga jini a tashi. Ya ɗaga adda ya sauke.

Dum!

Girgizar ta bi addar ta shige masa har gwiwar hannu. A ƙarƙashin ganga da kalangu da ihun mutane, kunnensa ya tsinci wani ɗan siririn amo, ƙin, wanda nama ba ya yi, ƙashi ba ya yi. Ya san amon. Ya ji shi a rumfar Hyginus.

Ya dubi Kasali. Kasali ya dube shi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

"Murhu?" in ji Jika ƙasa-ƙasa.

"Ƙofar kejin kaji," in ji Kasali, bai motsa leɓe ba. "Sara, Baba, suna kallo."

Haka suka yi ta yi. Wannan ya sara, wancan ya rama, kowa na auna tsakiyar farantin ɗan'uwansa da kyau kamar mai faskare, don in hannu ya goce aka yi jini, asirin duka biyun ne zai tonu wurin duba rauni. Ba mai iya durƙusawa, ba mai iya cewa ya isa. Addar Jika ta karye, aka miƙo wata. Audugar Ladi ta fara leƙowa ta tsagar riga, ya tura ta da yatsa. Haƙarƙarinsa ya yi tsami, hannu ya mutu, kowane dum sai ya ga taurari. Jama'a kuwa sun haukace, ba a taɓa ganin irin wannan ba, har wani tsoho yana kuka yana cewa ashe akwai sauran maza. Sai da rana ta karkata, yayyafi ya fara sauka, dattawan ɓangarorin biyu suka shiga tsakani suka riƙe hannayensu. Direbobi suka ce Kasali ya ci, tunda addar Jika ce ta karye. 'Yan dako suka ce Jika ya ci, tunda shi ya fara karɓar sara.

Jika bai tsaya jin gardamar ba. Abu ɗaya ne a ransa: gida, Ladi, a kwance igiyar nan. Ƙirjinsa ya kumbura a ƙarƙashin ƙarfen, numfashi sai sama-sama. Ya nufi rafi, taro ya biyo shi.

Dilimin da suka tsallaka da hantsi ba ita ce wannan ba. Ruwan da aka yi a kan duwatsu ya sauko, ta cika ta batse, tana tafe da karare da rassan itace, duwatsun tsallakawa duk sun nutse. Mutane suka tsaya a gaɓa, aka ce a jira ta faɗa, ba ta daɗewa. Jira kuwa shi ne abin da Jika ba shi da shi. Ya ji in ya ƙara tsayuwa zai faɗi a gaban kowa, a buɗe riga a yi masa fifita. Ga makaɗi a bayansa yana zuga shi, wai wanda adda ta gaza, ruwa me zai yi masa.

"Baba, kada ka shiga!" Muryar Kasali ce daga baya. "Gambari, ka ji ni, kada ka shiga da…" Bai ƙarasa ba, don ƙarasawar tonon asiri ce.

Jika ya shiga. Ruwa ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ya san mashigin, ya bi shi shekara da shekaru. Abin da bai sani ba, masu wankin kuza sun yi sabon rami a gefen hanya. Ƙafarsa ta taka babu. Da shi kaɗai ne da ya taso, don ya iya ruwa tun yana yaro. Amma bargo da auduga suka sha ruwa, farantan suka ja shi ƙasa kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Ya kai hannu baya yana laluben ƙulli, ƙullin Ladi ne, jiƙaƙƙiyar fata kuma ba ta kwantuwa. Ya taso sau ɗaya ya ga sama, ya ga bakunan mutane a buɗe, ya koma. Laka ta cika masa hanci.

A gaɓa an tsaya cirko-cirko. Wasu na jira su ga Sarki ya ɓullo a ƙetare yana kirari. Mutum ɗaya ne kaɗai a wurin ya san abin da ke riƙe da Jika a ƙasa, ya kuma san shi ma in ya faɗa haka, gawa biyu za a tsamo. Kasali ya dubi direbobinsa, ya dubi masu kalangun da suka wuni suna wasa kakansa. Sai ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya tsarge jar rigar daga wuya har ƙasa, ya yanke igiyoyi. Faranti biyu suka faɗo kan dutse, ƙwalalan, amon ya tafi har ƙetare. Kalangu ya ɗauke. Ya ciji wuƙar ya faɗa ruwa.

Jika ya ji an cafki wuyan rigarsa, ya ji wuƙa na bin bayansa a makance, tana yankan igiya tana yankan abin da ke ƙarƙashin igiya. Zafin ya ratsa shi, nauyin ya sake shi. Aka jawo su da rawani zuwa gaɓa, aka kifa shi yana aman jan ruwa. Bayansa a buɗe, tsaga tun daga kafaɗa har kusan ƙugu, jini na bin laka yana gangarawa. Farantin gaba bai tafi ba, yana rataye a wuyansa da sauran igiya ɗaya, fatar akuyar ta zame, har ana iya ganin zanen allin Hyginus.

Can sai wani ɗan dako, ƙato, wanda Jika ya taɓa mari a kan buhun gishiri, ya ce, "Ashe murfin tanki muke wa fadanci." Wani ya tuntsire da dariya, dariyar ta bazu, ta haɗa har da direbobi, waɗanda su ma ba su da bakin yi wa kowa gori. Makaɗi ya saɓa gangarsa ya bi gaɓa yana neman wani mashigin.

Sarautar tasha ba a tuɓe Jika da baki ba. Kawai dai da ya warke ya leƙa, ba wanda ya tashi ya ba shi benci, kuma ƙaton nan ne ke raba lodi. Ya tsaya kaɗan, ya juya. Kasali kuwa sunansa ya koma Kejin Kaji, har yaran mota na yi masa kukan zakara in ya shigo da mota.

Lukuman wanzami ne ya yi jinyar raunin. Wata safiya Jika na zaune a gindin mangwaro ana sa masa magani, sai ga Kasali da ƙunshin goro, Hyginus na biye da shi.

"Baba Gambari, yaya bayan?"

"Kai da wuƙarka. Kakan naka mahauci ne?"

"A cikin laka nake aiki, Baba, ba fitila."

Hyginus ya zauna a kan tushen itace, ya ɓare goro. "Ku biyu, ba wanda ya tsaya ya ji ƙarshe. Yau ba mai tashi. Washegari, wannan ƙaramin mai kama da tukunya ya iso, na mutanen arewa, shi ma ƙarfe ne. Suka yi ta dukan juna tun safe har rana ta wuce tsaka, ba wanda ya huda wani. Kowa ya koma gida ya ce shi ya ci."

"Mun san wannan," in ji Kasali. "Mun je wurin."

"To daga baya fa?" in ji Jika.

"Babban, mutanensa da kansu suka sa masa wuta suka fasa shi, don kada abokan gaba su kama shi. Ƙaramin kuma, shekara ba ta ƙare ba, iska ya taso a teku, ruwa ya shiga, nauyinsa ya kai shi ƙasa. Igwa bai kashe ko ɗaya ba."

Kasali ya dubi Jika, ya kau da kai yana tauna goro. Jika ya juya wajen Hyginus.

"Shi ke nan? Ko akwai wata washegarin?"

"Shi ke nan, oga."

"To." Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Lukuman, tunda na zauna, rage mini sumar nan."

Wanzami ya wasa aska a tafin hannu, ya miƙo masa ita kamar yadda aka saba, don ya tofa. Jika ya dubi askar, ya mayar da hannun Lukuman, ya sunkuyar da kai.

"Yi dai a hankali," in ji shi. "Fatar mutum ce."